Ciwon da yake kwantar da ni bayan kwanciyar aure

Na daɗe ina jan ƙafa kan maganar nan saboda nauyinta a baki, amma yau dai zan faɗa, wanda yaga bai dace ba ya yi haƙuri ya wuce. Duk lokacin da na kusanci iyalina, ko na yi mafarki, maniyyi dai ya fita ta kowace hanya, to sai na kwanta ciwo. Kuma ba gajiyar nan ta kowa da kowa nake nufi ba wadda mutum zai yi barci ya tashi garau.

Abin yana farawa ne kafin ma in gama wanka. Hanci ya toshe, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi, maƙogwaro ya fara kartar nan ta mura, zuwa asuba gaɓoɓi sun ɗau ciwo, jiki ya yi zafi zafi amma in an saka abin awo sai a ce babu zazzaɓi. Wannan duk mai sauƙi ne wlh. Babbar matsalar tana kai. Ni malamin lissafi ne a sakandare, abin da na shekara da shekaru ina koyarwa sai in tsaya gaban allo da alli a hannu ya ɓace min fes, kalma tana bakina amma ta ƙi fitowa, yaro ya yi tambaya ina kallon bakinsa yana motsi ban fahimci komai ba, ga saurin fushi, ƙaramin abu sai in hau mutum da faɗa, daga baya in zo ina jin kunyar kaina. Kwana na biyu shi ne mafi muni. A hankali a hankali kafin mako ya zagayo sai ya sake ni da kansa, in dawo mutum kamar ba ni ba.

Kun san ƙasar nan, duk wanda jikinsa ya yi ciwo maleriya da taifot ne. Na sha maganin maleriya har na gaji, mai kemis ɗin layinmu da ya hango ni ya san me zai ɗauko. Kuma abin haushin, tunda ciwon dama da kansa yake tafiya bayan 'yan kwanaki, sai a ce ai ka gani maganin ne ya yi aiki. Hajiyarmu kuwa tata fassarar daban, ita a wajenta wankan asuba da ruwan sanyi ne yake sa min mura, har heater ta sa aka siyo min, na koma wanka da ruwan zafi, ba abin da ya canza. Masu maganin gargajiya na bakin kasuwa da lasifika su kuma komai basir ne da sanyi, na sha jiƙe-jiƙe masu ɗaci sai gudawa kawai na samu a kai. Wani abokina da na ɗan ɓincina masa labarin ya ce macen dare ce take kishi, a je a yi ruƙiyya. An yi. Ni ban raina addu'a ba, har gobe ina yi kuma ita take riƙe da ni, amma dai babu aljanar da ta yi magana.

A asibiti ma ban tsira ba. An ɗebi jini, an duba suga, an duba hanta da ƙoda, komai lafiya lau. Da na daure na gaya wa wani likita ainihin lokacin da abin yake tasowa, sai ya yi murmushi ya ce malam damuwa ce kawai, ka rage tunani. Ban ga laifinsa sosai ba gsky, layi ne a ƙofarsa har waje, kuma abin da ba a koya maka a makaranta ba ta ina za ka gane shi cikin minti biyar. Amma murmushin nan ya daɗe yana min ciwo.

A waya na gano sunansa, wani dare ina ta lalube a intanet. POIS ake ce masa a taƙaice, wato Post-Orgasmic Illness Syndrome da Turanci, ciwon da ke biyo bayan fitar maniyyi. Likitoci biyu a ƙasar Holan, Marcel Waldinger da Dave Schweitzer, su suka fara rubuta shi a 2002 bayan sun ga maza biyu masu irin wannan matsalar. Kaga kenan a duniyar likitanci ma jiya jiya aka san da shi. A 2011 Waldinger da abokan aikinsa suka sake fitar da bincike kan maza 45, kuma siffofin da suka jera kamar a ɗakina suka zauna suka rubuta: alamun mura, kasala, ciwon jiki, rikicewar tunani da mantuwa, yana farawa nan take ko cikin 'yan awanni bayan fitar maniyyi, yana faruwa kusan kowane lokaci, yana ɗaukar kwana 2 zuwa 7, sannan ya tafi da kansa. Wasu tun balaga suke da shi, wasu sai da girma ya same su. Ni nawa tun samartaka ne, kawai dai sai da na yi aure na iya haɗa wannan da wancan.

Me ke kawo shi? Nan ne su kansu masanan ba su daidaita ba. Shi Waldinger ya tafi a kan cewa garkuwar jikin mutum ce take yaƙar wani abu a cikin maniyyinsa, wato kamar alaji. Sun ɗiga maniyyin kowane mutum da aka tsarma a fatarsa suka ɗan tsaga, cikin 33 da aka gwada 29 fatarsu ta tashi. Har maza biyu suka yi wa allurar maniyyin nasu kaɗan kaɗan a ƙarƙashin fata tsawon watanni don jiki ya saba, kuma sun samu sauƙi. To sai a 2015 wasu likitoci a Sin suka yi irin gwajin fatar nan har da masu lafiya, su ma fatarsu ta tashi, kaga magana ta koma baya. Wasu suna ganin abin daga jijiyoyi ne da sinadaran ƙwaƙwalwa, wasu suna duba homon, wato sinadaran da jiki ke saki cikin jini don tafiyar da ayyukansa, don a Amurka an ba da rahoton wani saurayi a 2019 da aka samu testosteron ɗinsa, wato homon ɗin mazantaka, ya yi ƙasa, da aka gyara wannan sai ciwon ya lafa. Ni dai a ganina ba lallai ne duk masu shi abu ɗaya ke damunsu ba, shi ya sa maganin da ya yi wa wani aiki sai ya ƙi yi wa wani.

Amma duk wannan bayanin ba shi ne ya fi cin raina ba, gidana ne.

Ka yi tunanin yarinya an kawo ta gidan miji, ta yi kwalliya, ta yi turaren wuta, an haɗa mata kayan mata tun daga gida, shi kuma maigidan yana ta kawo uzuri, yau marking, gobe ciwon kai, jibi ya yi barci a falo gaban talabijin. In kuma an yi, washegari ya tashi fuska a murtuke, ba ya magana, abu kaɗan ya yi tsawa. Me za ta ɗauka? Ita a tunaninta ko dai ba ta yi min ba, ko akwai wata a waje, ko kuma wani abu ne a jikinta yake sa ni ciwo, wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona mata rai kuma ba ta taɓa faɗa ba sai daga baya. Har gidansu maganar ta kusa zuwa, kun san kuwa in aka ce miji ba ya sauke haƙƙin aure, manya suka shigo, to an gama da kai a dangi.

Ranar da na zaunar da ita na karanta mata abin da na gani ina fassarawa, ta yi shiru can sai tace, "Abban yara, yanzu duk tsawon lokacin nan wannan ne? Ni da nake ta zargin kaina." Ta yi kuka, ni ma dai ban tsira ba. Daga nan ne abubuwa suka fara daidaita, don ciwon da mutum biyu suka sani ana iya tsara rayuwa a kansa.

Tsarin namu ba wani abin burgewa ba ne. Mutane suna ta barkwancin daren Juma'a, mu namu ya koma daren Asabar, wato Juma'a da dare, saboda mafi munin kwanakin su faɗa a ƙarshen mako, zuwa Litinin ina iya lallaɓawa in shiga aji. Lokacin jarrabawa ko in ina da doguwar tafiya da zan yi tuƙi, sai mu ɗaga, ita da kanta take tuna min. Na san wani zai ce ai soyayya da jadawali ba daɗi, to ɗan'uwa ta fi ta da can, lokacin da nake gudunta kamar mai bina bashi. Kuma mun koyi cewa kusantar juna tana da faɗi, akwai hanyoyin da za ta samu natsuwa ba tare da ni na kai ƙarshe ba, iya nan zan tsaya kan wannan.

Ƙauracewa gaba ɗaya kuwa ba mafita ba ce, na gwada. In aka daɗe sai mafarki ya zo, kuma shi ba ya duba kalanda, ranar Talata tsakiyar aiki sai ka tashi da shi. Gara wanda na zaɓi ranarsa da kaina.

Maganar magani, har yanzu babu wani tsayayye da aka ce shi ne na POIS, gwaje gwaje ne kawai. Akwai waɗanda maganin alaji irin su fexofenadine ya taimaka musu, wasu maganin kumburi da ciwon jiki irin su diclofenac kafin a kwanta, wasu masu ciwon suna yabon niyasin wato bitamin B3. Ni maganin alajin ya rage min toshewar hanci da ƙaiƙayin ido sosai, hazon da ke kaina kuwa sai dai ɗan sauƙi. Diclofenac ban daɗe a kai ba saboda ina da olsa, kuma dan Allah kar wanda ya mayar da shi gyaɗa, yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Maganin ƙarfin maza na kan titi da ake haɗawa a robar ruwa shi kam ku bar shi inda kuka gan shi, matsalarmu ba ta ƙarfi ba ce.

Abin da ya sa likita na gaba ya saurare ni littafi ne. Ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk ranar da abin ya faru in rubuta, da awa nawa ya ɗauka kafin alamu su fara, da me na ji, da ranar da ya sake ni. Na haɗa da takardar binciken 2011 ɗin nan da na buga a shagon kwamfuta na kai masa, likitan mafitsara ne. Shi ma ya ce bai taɓa jin sunan ba, amma ya karɓa ya karanta a gabana, ya sa aka duba homon da prostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, don kar a je wani abu ne daban yake ɓuya, sannan muka fara gwada magani ɗaya bayan ɗaya.

Abokai a majalisa har yanzu suna min tsiya wai yaushe zan ƙara aure, gashi an fara furfura. Dariya kawai nake yi. Mutumin da dare ɗaya yake cinye masa rabin mako, ina shi ina rabon kwana.