Yadda na kashe batirin laftof har sau biyu

Ƙannena, musamman ku da kuka shiga jami'a ko kuka fara neman na kanku da laftof, ga abin da ya same ni, don kada ku bi sawuna.

Laftof ɗina ta farko ta hannu ce, irin wadda ake kira tokumbo. Da na saye ta, batirinta kan kai ni wajen awa 3. Tsoron ɗauke wuta ya sa na bar ta a jone dare da rana. In an kawo wuta tana jone, in maƙwabci ya tayar da janareta tana jone. A ganina, batirin da yake cike taf shi ne lafiyayye. Kuma a kan katifa nake aiki, in ɗora ta bisa filo, cikin zafin Afrilu na Kano, lokacin da bangon ɗaki ma huci yake yi. Fankar cikinta ta yi ta kuka, ƙasanta ya yi zafin da cinya ba ta iya ɗauka. Ashe kafofin da take shan iska a ƙasa suke, filon ya toshe su, ƙurar hunturu kuma ta riga ta cushe fankar.

Batirin lithiyam yana da manyan abokan gaba biyu: zafi, da daɗewa a cike ɗari bisa ɗari. Ni kuwa kullum sai na haɗa masa su. Shekara na zagayowa, awa 3 ta koma minti 40. Wata safiya na ga wurin da ake shafa yatsa ya ɗago, ba ya dannuwa. Da mai gyara ya kwance ta, sai ga batirin ya kumbura ya yi ciki. Don Allah, duk wanda ya ga haka ya daina cajin nan take. Kada ya danne shi, kada ya huda shi, domin yana iya kama wuta.

Kuskurena na biyu araha. Na sayi batirin da ya fi kowanne sauƙin kuɗi, na haɗa da wata caja mara nauyi kamar ba komai a cikinta, ban ko duba rubutun jikinta ba. Kowace caja an rubuta volt da wat ɗinta, tawa ta asali wat 65 ce, kuma irin ta ya kamata in nema. Ban sauya hali ba, na koma kan filona. Sabon batirin bai cika shekara ba.

Sai daga baya wani abokin karatuna ya nuna mini cewa Windows da kanta tana faɗar lafiyar batir. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto. Lamba biyu za a duba: Design capacity, wato abin da batirin yake ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, abin da yake iya ɗauka yanzu. Nawa bai kai rabi ba. Da na san wannan tun farko, ba zan biya kuɗin laftof ta hannu ba sai na ga rahoton a gaban mai shago. Ku ma ku riƙa yin haka, minti ɗaya ne.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne kayyade caji. Kamfanoni da yawa sun tanadi wannan: Lenovo a manhajar Vantage, ASUS a MyASUS, Dell da wasu na HP a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta kafin Windows ta buɗe. Ana saita ta ta tsaya a wajen kashi 80 cikin 100, ko da ta kwana a jone. Na san abin da za ku ce: a inda wuta ba ta da tabbas, wa zai yarda ya bar kashi 20? Ni ma na jinjina abin. Amma kashi 80 na batiri mai lafiya ya fi kashi 100 na wanda ya gaji nesa ba kusa ba.

Kayan ciki ma na sauya. Na cire tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda ake kira HDD, na sa SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Na ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, daga giga 4 zuwa 8, don kwamfutar ta daina yawan komawa kan faifai idan aiki ya yi mata yawa. Gaskiya ƙarin lokacin da batir ya samu daga nan ba mai yawa ba ne, sai dai aikin da ke cin rabin awa ya koma ƙarewa da wuri, zafi kuma ya ragu. Kafin ku sayi RAM ku tambaya, domin wasu laftof ɗin an manne tasu a jikin allon ciki, ba a ƙarawa.

Hasken sikirin yana cikin abubuwan da suka fi shan batir, kuma rage shi kyauta ne. A cikin ɗaki rabi ya isa. Tsarin tsimin batir na Windows bisa al'ada sai caji ya yi ƙasa sosai yake kunna kansa, ni kuwa ana ɗauke wuta nake kunna shi da hannuna, in rufe shafukan intanet da ba na karantawa.

Akwai kuma ranar da na rufe murfinta na cusa ta a jaka, na hau Adaidaita. Da na isa, jakar ta yi zau, batir ya ƙare ƙaf, domin rufe murfi barci kawai ya sa ta, sai ta farka a ciki ba iska. Tun daga nan in zan yi tafiya Hibernate nake sa ta, wato ta ajiye aikin da nake kai a faifai sannan ta mutu, ko in kashe ta gaba ɗaya.

Yanzu a kan wani ɗan katako take zama, na ɗaga bayanta da murfin kwalba biyu don iska ta ratsa. Hunturu na wucewa nakan kai ta a bushe ƙurar fanka. Ranar da zan je ƙauye kuwa, tun da dare nake cire kayyadewar ta cika, in na dawo in mayar.