Juya Shi Tukuna: Shekara Uku a Shagon Tsofaffin Bajo da Mujallun Katun

Ranar da na fara aiki a shagon, maigidan bai nemi takardar makarantata ba. Wani ɗan bajo ya ɗauko daga cikin faranti, bai kai murfin kwalbar lemo girma ba, ya ɗora mini a tafin hannu. Hoton Popeye ne a jiki, da lofensa a baki. Ya ce in faɗa masa abin da na gani. Na zage ina bayani: launi bai koɗe ba, babu ƙarzuwa, fuskar ta fito sarai. Sai da ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ba ka juya shi ba."

Shagon yana wani ƙaramin gari ne a jihar Fensilbaniya ta Amurka, kuma abu biyu kawai muke saye muna sayarwa: tsofaffin mujallun katun, da irin bajon nan mai allura a baya da ake maƙalawa a gaban riga, mai hoton Mickey Mouse ko Superman ko Dick Tracy da ire-irensu. Neman na cefane ya kai ni, ba sha'awa ba. A makon farko ma dariya abin yake ba ni. Sai ka ga dattijo da furfurarsa ya tuƙo mota tun daga wata jiha, ya gyara tabarau yana leƙen abin wasan yara kamar mai awon zinariya. Shekara uku na yi a wurin, kuma kafin in bari ni ma sai da na sayi nawa gilashin ƙara girman.

Bayan bajo shi ne takardar haihuwarsa. Kamfanin Whitehead & Hoag na birnin Newark ne ya yi rajistar wannan samfuri a 1896, shekarar da McKinley da Bryan suka kara a zaɓen shugaban ƙasa. 'Yan siyasa suka fara cin moriyarsa, 'yan kasuwa suka biyo sahu. Tun a lokacin masu tabar High Admiral suna raba bajon Yellow Kid, wani yaro mai ƙwalƙwal da zungureriyar riga ruwan ɗorawa da ake zanawa a jaridun New York, kowane bajo da lambarsa, don mai shan taba ya yi ta saye yana neman cike jerin. Na wancan zamani a takarda ake buga hoton, a lulluɓe shi da wata roba mai shara-shara da ake kira seluloyid, a naɗe a kan ƙarfe, a danne da zobe ta baya. A cikin ramin bayan kuwa akwai 'yar takarda mai sunan kamfanin da ya ƙera. Daga baya aka samo hanya mai araha, wato buga hoton kai tsaye a jikin gwangwani. Kowanne da ciwonsa. Na gwangwani ƙarzuwa ke cinsa. Mai roba kuma tsagewa yake yi, danshi ya shige ƙarƙashi, tsatsa ta huda ta fito a fuskar hoton kamar feshin goro.

Mai yin jabu fuska yake kwaikwaya, domin ita mai saye ke kallo. A baya yake kasala. Idan aka kawo mana bajon Mickey aka ce na shekarun 1930 ne, ɗan rubutun da ke jikinsa muke fara nema. Kayan wancan lokaci sunan Walt Disney kansa suke ɗauke da shi, ko Walt Disney Enterprises, amma Walt Disney Productions sai wajen 1939 ya fara bayyana a jikin kaya. Idan kuma akwai adireshi mai lambar gidan waya ta ZIP, magana ta ƙare, don sai 1963 aka shigo da ita. Muna da wata fitila mai shuɗin haske a bayan kanta. Takardar zamani idan aka haska ta sai ta yi wal, saboda sinadarin ƙara fari da ake zuba mata, tsohuwa kuwa shiru take yi. Har tsatsar ƙarya na gani, an jiƙa sabon ƙarfe an shanya shi ya yi ja. Ita ma tana tona kanta, domin lulluɓe ko'ina take yi daidai wa daida, alhali ta gaske inda yatsa da gumi suka saba taɓawa take fara kamawa.

Ɓarnata ta farko da kyakkyawar niyya na yi ta. Wata Asabar maigida ya fita, na ga wani bajo mai roba ya yi dusu-dusu, na ce bari in burge shi. Na jiƙa tsumma da ruwan sabulu na goge shi tas, har allurar na murje ta koma fara. Ya yi kyau kuwa a ranar. Bayan 'yan makonni sai ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa sun fito a kumatun hoton, ashe ruwan ya bi ta wata tsaga da ido ba ya gani. Garin neman gira an rasa ido. Maigida bai yi faɗa ba, bai kuma cire a albashina ba. Ya ɗauki bajon ya maƙala a jikin allon da ke saitin kujerata, ya bar shi nan har na bar aikin. Da bulala ce da ta fi mini sauƙi.

A gida an raine mu a kan cewa kayan sayarwa a wanke shi, a goge, a shafa masa mai. A wannan sana'a gyara laifi ne, ko in ce aibi ne da dole a bayyana. Kamfanin CGC, wanda tun 2000 yake duba mujallu ya ba su maki daga 0.5 zuwa 10 ya rufe su cikin akwatin roba, launin takardar shaidarsa ma magana ce. Shuɗiya ita ce ta mujallar da ba a yi wa gyara ba. Idan an cike launi da alƙalami, ko an manna tsaga da gam, sai a ba ta mai launin shunayya, nan take kuɗinta ya faɗi ko da ta fi 'yar uwarta kyan gani. Na daɗe ban yarda da wannan hukunci ba, har yanzu ma ina ganin akwai wuce gona da iri a ciki. Amma kasuwa ba ta neman ra'ayin yaron shago.

Ɓarna ta biyu ta fi ciwo, don kuɗina ne. A shekarata ta biyu na fara jin na zama gwani, ina zuwa kasuwannin gwanjo na ƙarshen mako da asuba ina sayen kaya na ƙashin kaina. Rannan a gindin wata motar ɗaukar kaya na hango mujallar Hulk mai lamba 181, ta 1974, wadda jarumin katun Wolverine ya fara fitowa sosai a cikinta. Duk wanda ya yi wata guda a sana'ar ya san bangonta. Gabana ya faɗi. Mai kayan ya faɗi kuɗi ƙasa da abin da na sani, ni kuma tsoron kada wani ya riga ni ya sa ban ko zaro ta daga leda ba. Na ƙirga na miƙa, na tafi ina jin na yi wa Bature wayo. Da na kai wa maigida, bai ko dubi bangon ba. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa ta a tebur, ya buɗe shafi-shafi a hankali har ya isa inda yake nema. Sai ga rami mai kusurwa huɗu, an yanke da almakashi. A shekarun nan kamfanin Marvel yana buga wani ɗan kan sarki a cikin mujallunsa, yara su yanke su tara su manna a littafi. Wani yaro ya yanke nasa tun kafin a haife ni, ya kuma yi daidai, don abin da aka ce ya yi ke nan. Ni ne na yi cinikin biri a sama. Tun daga ranar ko mujallar sisi ce sai na ƙirga shafukanta, na duba wayoyin da suka riƙe tsakiya, na shinshina ta ma, don warin danshi ba ya ɓuya.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kafin in gane shi ne dalilin tsadar. Da farko na ɗauka tsufa ne, tunda da tsohuwar zuma ake magani. Ashe ba haka ba ne. Mujallar da Superman ya fara fitowa a ciki a 1938 santi 10 aka sayar da ita, an buga wajen 200,000, amma waɗanda ake kyautata zaton sun rage ba su wuce kimanin 100 ba. A watan Afrilun 2024 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 6. Ina sauran? A takarda mafi araha aka buga su, don a karanta a yar. Yara sun naɗe su sun cusa a aljihu, an kwashe su lokacin yaƙin duniya na biyu da ake tara tsofaffin takardu, a ƙarshen shekarun 1940 har ƙona su aka yi a wasu garuruwa wai suna ɓata tarbiyya, abin da ya rage kuma iyaye mata suka share da shara. Kamar dai yadda jaridunmu suke ƙarewa a hannun mai ƙosai. Waɗanda suka tsira sa'a ce, irin ta Edgar Church, wani mai zanen talla a Denver, da aka gano mujallu sama da 18,000 a gidansa a 1977, busasshiyar iskar garin ta adana su kamar jiya aka buga.

Juya wannan lissafi ka ga abin tausayi. A farkon shekarun 1990 kowa ya ji labarin cewa mujallar katun dukiya ce. Kamfanoni suka ga kasuwa, suka yi ta bugawa. Mujallar X-Men mai lamba 1 ta 1991 an sayar da sama da miliyan 8. Ta mutuwar Superman a 1992 cikin baƙar leda ta fito, mutane suka sayi biyar-biyar, goma-goma, suka adana ba su ko buɗe ba. Tunda kowa ya ajiye, wa zai nema? Babu makon da wani ba zai shigo mana da dogon kwali ba, yana nishi, fuska cike da fata, ya ce na kuɗin makarantar 'ya'yansa ne. Maigida ya ɗora mini aikin faɗa musu gaskiya, wai na fi shi laushin harshe. Wasu su yi dariya, wasu su zage ni. Wani mutum ya zauna a kan kwalinsa ya yi shiru har na kawo masa ruwa.

Da na yi wa kawuna bayanin aikina ta waya, na zaci zai ce na je Amurka wasan yara. Shi tsohon ɗan Kasuwar Kurmi ne a Kano, tsofaffin tasoshi da kwabo mai huji da anini yake sayar wa baƙi. Ya saurara, sannan ya ce, "To ai ɗana, sana'armu ce ka je ka tarar a can. Kana faɗa musu aibin kaya?" Na ce, "Ina faɗa, Kawu, dokar shagon ce ma." Ya ce, "Ba dokar shago ba ce," ya tuna mini hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama. A nan ne na ga inda maigidana, wanda ban taɓa jin ya ambaci addini ba, ya haɗu da kawuna. Duk abin da za mu sa a intanet sai an ɗauki hoton gaba da baya da gefe, kuma aibi shi ke zuwa a layin farko na bayani. Na taɓa yi masa gardama cewa muna korar masu saye da hannunmu. Ya ce masu neman irin kayan nan ba su da yawa, duk sun san juna, idan ka cuci ɗaya ranar Litinin, kafin Juma'a labari ya gama gari.

Wajen saye ma haka yake, kuma can ne jarabawar ta fi zafi, domin mai kawo kaya galibi bai san abin da ke hannunsa ba. Wata tsohuwa ta taɓa shigowa da gwangwanin biskit cike da bajon mijinta da ya rasu, ta ce a ba ta ko nawa ne, ba ta son ta zuba a shara. Zuciyata ta raya mini abubuwa, ba zan ɓoye ba. Maigida ya zazzage su a kan tawul, ya ware gida biyu, ya nuna mata waɗanda ba su da wata daraja, ya nuna mata guda shida da suka fi duk sauran, ya faɗa mata abin da zai sayar da su da abin da zai iya biya. Ta karɓa, amma ta cire guda ɗaya daga cikin shidan ta mayar jaka, ta ce a hularsa yake sa shi.

A cikin na arahar akwai bajon Pep da yawa, kuma da su na fara nawa tarin. Daga 1945 zuwa 1947 kamfanin Kellogg's ya riƙa saka ƙananan bajo na gwangwani a cikin kwalin abincin karin kumallonsa mai suna Pep. Jeri biyar aka yi, kowanne guda 18, amma da yake Superman ya fito a duka biyar ɗin, sai adadin ya tsaya 86 maimakon 90. Yawancinsu ba su da tsada, shi ya sa ɗan koyo ke iya taɓawa. Na ce zan tara goma kawai in kai wa 'ya'yan yayata tsaraba. Yanzu ina da 71 a cikin wani faifan katako, yaran kuma ba su ga ko ɗaya ba. Felix the Cat na cikin waɗanda suka rage mini. Sau biyu ina samunsa, duk biyun fuskar lafiya lau, da na juya sai na mayar wa mai shi.