Kuɗin ƙofa: bashin da mai rawa take shiga da shi kowane dare a Las Vegas

A gidajen rawar tuɓe kaya na Las Vegas, mai rawa ce take biyan gida, gida ba ya biyan ta ko sisi. Na yi aikin, na bar shi, kuma cikin duk abin da idona ya gani a can, wannan ne har gobe yake ci mini tuwo a ƙwarya. Takardar da ake miƙo miki ranar farko cewa take ke 'yar kwangila ce mai zaman kanta, hayar dandamali kawai kika yi. Kuɗin hayar kuwa a ƙofa ake karɓa, tun kafin ki ajiye jaka.

Kafin ma a kai nan kin riga kin kashe. Akwai katin izinin aiki daga 'yan sandan birnin, wanda sai gidan ya ba ki takardar turawa sannan a ɗauki zanen yatsunki. Akwai lasisin kasuwanci na jihar Nevada, dala 200 duk shekara. Ga takalmi mai tsinin inci 6 zuwa 8, yawanci na kamfanin Pleaser, wanda igiyarsa ba ta jimawa take tsinkewa. Waɗannan duk da sauƙi, sau ɗaya ne ko jefi-jefi. Kuɗin ƙofa shi ne na kullum.

Kuma da agogo yake tafiya. Wadda ta shigo da magariba za ta iya biyan dala 40 ko 50, wadda ta zo tsakar dare, lokacin da masu kuɗi suka fito daga gidajen caca, sai ta haura 100. Wato ko ki zauna awa huɗu cikin sanyin na'ura kina kallon kujeru babu kowa, ko ki sayi waɗannan awannin da kuɗi. Bayan shi sai hannayen da ke jira a ƙarshen dare: DJ, uwar ɗakin shiri mai sayar da turare da allura da zare da abin taɓawa, ƙartin da ke tsaro, da mai raba baƙi zuwa ɗakunan manyan baƙi. A takarda an ce ihsani ne, ganin dama. Ki hana DJ sau ɗaya ki gani: gobe zai kira sunanki dandamali daidai lokacin da kika samu baƙo mai sakin hannu, idan kuma ba ki hau ba, tara ce.

Ga lissafin yadda yake. A ce ƙofa 100, DJ 20, uwar ɗaki 15, tsaro 20, mota zuwa gida 25. Dala 180 ke nan. Rawar waƙa ɗaya a gaban baƙo dala 20 ce, don haka sai kin yi waƙa tara kafin dala ta farko ta zama taki. Tamkar ɗan adaidaita mai biyan balas, sai dai shi aƙalla da yamma yake kaiwa, bayan ya samu. Daren Talata a tsakiyar zafin Yuli, waƙa taran nan ba lallai su samu ba. Sai ki fita da asuba ƙafa a kumbure, kin yi awa takwas, kuma aljihunki ya fi lokacin da kika shigo rama. Wasu gidajen suna bari a shiga bashi, su rubuta a littafi, gobe ki biya biyu. Kada ki yarda da wannan, 'yar'uwa. Daga nan ne mace take fara amincewa da abin da jiya ta ce ba za ta yi ba, don tana da lamba a kanta da sai ta cike.

Sai kuma kuɗin bogi na gida. Baƙon da tsabarsa ta ƙare zai goga kati a ba shi takardun da gidan ya buga, a caje shi ƙari. Ke kuma idan kin kai canji a sake yanke kaso, sau da yawa goma cikin ɗari. Gida ya ci ta kai, ya ci ta ƙafa. Ki canza su a daren, don wasu suna da ranar mutuwa a jikinsu.

Manyan ranaku ma ba yadda ake zato suke ba. Makon CES, babban baje kolin kayan fasaha, a Janairu ko daren babban dambe, gari yana cika, amma 'yan rawa daga jihohi daban-daban suna sauka, gida kuma ya ɗaga kuɗin ƙofa saboda ya san za a biya.

Abin da ya rage ma ba duka naki ba ne. Nevada ba ta karɓar harajin samu, amma IRS, hukumar harajin tarayyar Amurka, tana karɓa, kuma mai zaman kanta tana biyan ƙarin kashi 15.3 cikin ɗari, ana turawa sau huɗu: Afrilu, Yuni, Satumba, Janairu. A nan kaɗai kuɗin ƙofa yake da rana, don ana cire shi a matsayin kuɗin gudanar da sana'a. Sai dai da shaida. Ki nemi rasit kowane dare ko da mai karɓa ya ɓata rai, ki rubuta abin da kika ba kowa a ƙaramin littafi kafin ki kwanta. Kashi ɗaya cikin huɗu na ribar ki ware shi a wani asusu daban.

An kai maganar kotu. A 2014 Kotun Ƙolin Nevada ta ce 'yan rawar wani babban gida ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi, a 2015 majalisar jihar ta yi dokar da ta sauƙaƙa ɗaukar mutum a matsayin ɗan kwangila. A 2023 'yan rawar gidan Star Garden a Los Angeles suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta Actors' Equity. Jihar Washington ce ta taɓa inda ke ciwo: dokarta ta 2024 ta ce kuɗin da gida zai karɓa a cikin awa takwas, ban da kason rawar ɗakin keɓe, kada ya wuce dala 150 ko kashi 30 na abin da mai rawa ta samu, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki. Da wannan doka, daren da ba ki samu komai ba, ba ki biya komai. A Las Vegas kuwa, ki tambayi jadawalin kuɗin ƙofa awa-awa da jerin tara a rubuce kafin ki sa hannu. Idan manaja ya ce "za mu daidaita", ki ɗauki jakarki ki gwada wani gidan.