Shayin zoɓo mai zafi: yadda ake haɗa shi a gida

Yawancinmu mun fi sanin zoɓo da sanyi, a ƙulle a leda ko a gora. Amma da zafi ma ana shan sa, kuma a ganina a nan ne ɗanɗanonsa ya fi fitowa, musamman da safiyar hunturu.

Zoɓo jan ɓawon gindin furen yakuwa ne da aka shanya. A kasuwa a zaɓi mai duhun ja, wanda ke ƙaras-ƙaras in an murza, ba ya warin danshi. A ɗauraye shi da ruwan sanyi sau biyu, cikin hanzari, saboda yashin wurin shanya. In ya daɗe a ruwan wanki, jan nasa ya tafi ke nan.

Lita ɗaya ta ruwa, rabin gwangwanin madara na zoɓo ya ishe ta. A fara tafasa ruwan da dakakkiyar citta kamar babban yatsa da kanumfari ƙwaya 4, na minti 5. Sai a sauke, a zuba zoɓon, a rufe minti 10, a tace. Barin sa yana ɓararraka a kan wuta tsami kawai yake ƙara masa, ƙamshin kuma ya gudu. Kanumfari in ya yi yawa ɗaci yake kawowa.

Sai maganar kanwa. Wasu na jefa ta don kashe tsami, to ita ce ke mayar da jan nan mai kyau ya koma baƙi-baƙi, ta bar wani ɗanɗano kamar na toka. Gara a rage zoɓon, ko a sa zuma cokali ɗaya bayan ya ɗan huce. Kada kuma a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsaminsa yana cin ta.

Iyayenmu na shan sa don saukar da hawan jini, sakin fitsari da sassauta ciki. Mai shan maganin hawan jini ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da shi na kullum, kar jinin ya sauka fiye da kima; mai juna biyu ma gara ta haƙura. Zancen cewa yana ƙara jini don yana ja kuwa, kar a dogara da shi, mai ƙarancin jini asibiti ya kamata ya je.

Wanda ya rage a juye a kwalba a sa a firiji. A waje, lokacin zafi, kwana ɗaya ya isa ya fara kumfa, musamman in da sukari.