Yatsan Baba Baduku

Yau da hantsi na leƙa Wadata, wurin masu sana'ar hannu nan Yamai, zan sayi jakar fata. Baba baduku ya ce jika 15, ni kuwa baki ya saba, na taya jika 8. Bai ce uffan ba. Ya ajiye basilla, ya juyo mini cikin jakar: "Ɗiyata, duba ɗinkin." Ni ban ga ɗinki ba, babban yatsansa na gani, duk kanta, jan rini ya shige ƙarƙashin farce.

Wallahi kunya ta rufe ni. Jakar roba ta kanti ban taɓa taya ta ba. Na biya shi kuɗinsa cif, amma har na iso gida yatsan nan nake gani.