Kafin ku ɓoye wa mai kallo dalili

Ƙannena masu sha'awar rubutun fim, a shekarar 2022 ni da abokaina uku mun yi wani shiri mai dogon zango a Mabera, muna ɗauka da waya muna sakawa a YouTube duk Juma'a, kuma ni na rubuta labarin. A lokacin ban daɗe da gama wasan bidiyon nan The Last of Us Part II ba, wanda kamfanin Naughty Dog ya fitar a 2020, tsarinsa kuwa ya zauna mini a rai. A cikinsa wata budurwa, Abby, tana kashe Joel, mutumin da 'yan wasa suka shaƙu da shi tun wasan farko na 2013, kuma ba a bayyana dalilinta sai an kai wajen tsakiya, inda ake gane cewa mahaifinta ne likitan da Joel ya kashe.

Sai na kwaso tsarin nan ɗungurungum. Na sa wani saurayi ya kashe dattijo mai sana'ar dukanci a kashi na 2, na ajiye dalilin sai kashi na 9. Ranar da muka saki na 4, kawuna yana kallo a zaure, ya miƙo mini wayar ya ce: "Miyas sa wanga yaro ya kashe bawan Allah? In ba ka hwaɗa muna ba, ni dai na tashi." Ya tashi ɗin kuwa, kuma da yawa sun bi bayansa.

Abin da na kasa gani shi ne, mai buga wasa da hannunsa yake tafiyar da labari. Bayan an bayyana masa sirrin, ana damƙa masa Abby ya yi sa'o'i yana gudu da ita, yana kare ranta, har fushinsa ya huce ko da bai so ba. Mai kallo kuwa ido kawai ya zuba, akwai mako guda tsakaninsa da kashi na gaba, ga kuɗin data yana fita daga aljihunsa.

Marubucin fim Craig Mazin da Neil Druckmann, wanda ya jagoranci rubuta wasan, sun san da wannan lokacin da suka mayar da wasan shirin talabijin na tashar HBO ta Amurka. Zango na biyu, mai kashi 7, wanda ya fara a watan Afrilun 2025, tun kashin farko ya nuna Abby a gaban kaburbura tana alwashin ɗaukar fansa, a kashi na 2 kuma ta faɗa wa Joel da bakinta wane ne mahaifinta. Ba duk sauyin da suka yi na yarda da shi ba. Hirar ƙarshe ta Joel da Ellie, yarinyar da ya riƙa tamkar 'yarsa, a barandar gida, wadda wasan ya ajiye sai daf da rufewa, sun jawo ta kashi na 6, kuma a ganina sun ci tuwon tun bai huce ba.

Yanzu kowace fitowa nakan rubuta ta a guntuwar takarda, in baje su a tabarma, in ɗauki ɗaya in tambayi kaina abin da mai kallo ya sani zuwa nan, da kwana nawa zai yi kafin ya ga ta gaba. Ku gwada haka tun ba ku ɗauki kyamara ba, domin mu sai da muka koma gidan dukawan da muka yi ɗauka a rumfarsu sau biyu muna roƙon a sake ara mana ita.