Ranar da dalma ta biyo zinariya har bakin tebur

Laraba, tsakiyar hunturu.

Na isa ɗakin gwaji tun kafin ƙarfe takwas, domin yau ce ranar da muka tsayar don gwada buhun dutsen da aka kawo mana daga wani ramin zinariya a yankin Anka. Buhun ya yi mako biyu a kulle a ɗakin ajiya, da gargaɗi a jikinsa da jan fenti, saboda ko da ido kawai mutum zai ga ƙyallin tozali yana walƙiya a jikin farin dutsen ƙanƙarar. Wannan ƙyalli mai ruwan toka shi ne ma'adinin da littattafanmu suke kira galena, wato dalma haɗe da farar wuta, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari na nauyinsa dalma ce zalla. Irin dutsen ne kakata take dakawa ta zuba a tandu ta ranbaɗa mana a ido ranar sallah, ba tare da ita ko mu mun san abin da yake ɗauke da shi ba. Duk lokacin da na riƙe shi a hannu sai na tuna da ita.

Ba zan iya taɓa dutsen Anka ba tare da 2010 ta faɗo mini a rai ba. A shekarar ce likitocin MSF, ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, suka gano cewa yaran da suke ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, gubar dalma ce take kashe su, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Iyayensu ba su yi wani abu ba face neman abinci: farashin zinariya ya tashi, suka riƙa kawo dutse cikin gida, ana niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi, ana shanya garin a tsakar gida inda jarirai suke rarrafe suna kai hannu baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba ta samu wannan aiki ba sai a 2013, sannan a 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Tambayar da bincikenmu yake bi ke nan tun farko: ta yaya mai haƙa zai fitar da zinariyarsa daga irin wannan dutse ba tare da ƙura ta tashi ba, kuma ba tare da zaiba ba, wato ruwan ƙarfen nan mai guba da masu haƙa suke kama zinariya da shi?

Mun fara da niƙa. Ɗalibar da take aiki tare da ni ta auna kilo biyar na dutsen da muka riga muka farfasa, muka zuba a injin niƙa mai ƙwallayen ƙarfe tare da ruwa, ta yadda abin da zai fito kunu ne, ba gari ba. Wannan ɓangaren ba ni da shakka a kansa ko kaɗan, domin laka ba ta tashi sama ta shiga hancin yaro. Bayan niƙan mun tankaɗe wani kaso a jerin rariyoyi har zuwa mai ramin maikiron 75 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don mu san yadda girman ƙwayoyin ya rarrabu. A nan na fara lura da abin da ya dame ni yini guda. Galena dutse ne mai gautsi, yana dagargajewa tun kafin ƙanƙara ta san an taɓa ta, saboda haka mafi laushin kunun ya fi kowane kaso duhu.

Daga nan sai tebur mai girgiza. Aikinsa ya dogara ne kan nauyi, kamar yadda mace take sheƙar hatsi a faifai tsakuwa ta koma gefe guda, sai dai a nan ruwa ne yake yin aikin iska. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19.3, galena kimanin sau 7.5, ƙanƙara kuwa sau 2.65 kawai. Idan teburin yana kai da komo, ruwa na kwarara a kansa ta gefe, ƙanƙara mai sauƙi takan tsallake ƙananan shingayen da ke kan teburin ta faɗa ƙasa, masu nauyi kuma su bi shingayen har zuwa ƙarshe. A zagayen farko na karkata teburin fiye da kima kuma ruwan ya yi ƙarfi, na ga baƙin layi yana zubewa cikin ragowar laka. Na tsayar da injin, muka kwashe komai muka mayar, wanda ya ci mana kusan awa guda. A zagaye na biyu layukan suka fito sarai: farin yashi a ƙasa, faffaɗan layi mai ruwan toka a sama da shi, sannan can a gefen sama wani siririn zare mai ruwan ɗorawa da sai an sunkuya ake ganinsa.

Ɗalibar ta yi murna ƙwarai da ganin zaren, ta ce, "Malam, ai ga ta nan ta fito." Na ce mata ta fito, amma ta duba wanda ya rako ta. Teburin ya raba mu da ƙanƙara, bai raba zinariya da dalma ba, domin dukansu masu nauyi ne kuma gefen layukansu ya shiga juna. Abin da muka tara a ƙaramin bokiti ya fi ainihin dutsen da muka fara da shi yawan dalma nesa ba kusa ba. Na kawo maganaɗisu na zaga a ciki, ya ɗauke ɗan baƙin yashin ƙarfe da ɓurɓushin ƙwallayen injin, amma galena ba ta bin maganaɗisu.

Wannan yana da muhimmanci saboda hanyar da ake ta yabawa a tarurruka a matsayin madadin zaiba, wato narka tataccen yashi kai tsaye da boraks, wani farin gishirin ma'adini. Masu ƙananan haƙa a lardin Benguet na ƙasar Filifin sun daɗe suna amfani da ita, kuma a wurinsu tana aiki. Boraks yana narkewa a wajen digiri 743 na ma'aunin Selsiyos, ya narkar da dattin ya mayar da shi kamar gilashi, zinariya kuma, wadda take narkewa a digiri 1064, ta taru a gindin kasko. Babu wanda zai ƙi a rabu da zaiba, wadda ake ƙonawa a fili tururinta ya shiga huhun mai ƙonawa da na maƙwabtansa, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da ita. Amma hanyar boraks tana son yashi mai tsabta wanda babu farar wuta da yawa a cikinsa. Idan aka ɗauki irin abin da ke cikin bokitinmu na yau aka hura masa gawayi da zuga-zugi a bayan gida, dalmar da muka hana tashi a ƙura za ta tashi a hayaƙi. A ganina duk wanda ya je ƙauyen Zamfara ya koyar da wannan hanya ba tare da ya fara gwada dutsen wurin ba, ya ɗauki alhakin da bai san nauyinsa ba.

Bayan sallar azahar muka koma ɓangaren tanderu don auna zinariyar da ke cikin kowane kaso ta hanyar gwajin wuta, wanda har yau babu hanyar da aka fi yarda da ita a wannan fanni. Ana ɗibar giram 30 na busasshen samfur, a haɗa da garin oksayid na dalma, wato dalmar da ta haɗu da iskar oksijin, da soda wadda 'yar uwar kanwa ce, da boraks, da ɗan garin fulawa, a narka a zafin da ya haura digiri 1000. Fulawar ce take mayar da oksayid ɗin dalma ta ainihi, ita kuma ta gangara cikin narkakken dutsen tana tsintar zinariya da azurfa har ta taru a ƙasa kamar maɓalli. Ina cikin auna fulawa don kason da ya fi galena sai dattijon da ya shekara da shekaru yana kula da tanderun ya riƙe hannuna, ya ce, "Injiniya, wannan ba ya son fulawa, farar wutar da ke cikinsa ta isa ta yi aikin fulawar, har ma sai mun rage mata ƙarfi da gishirin naitiret, in ba haka ba maɓallin zai yi girman da kofin tsotse dalma ba zai shanye ba." Na ce, "Gaskiyarka, Baba," na bi maganarsa. Abin da ya faɗa yana cikin littafi, amma shi a hannunsa yake, kuma ina jin takaicin yadda ba a cika sa sunan irinsu a takardun da muke wallafawa ba.

An ɗauke wuta muna shirin mataki na biyu, muka jira janareta, muka sake jiran tanderun ya koma zafinsa. Sai wajen ƙarfe huɗu muka ɗora maɓallan a kan ƙananan kofuna na tokar ƙashi, waɗanda suke tsotse dalmar idan ta ƙone su bar ɗan ɗigon zinariya da azurfa mai sheƙi. Duk wannan a ƙarƙashin bututun da ke zuƙe hayaƙi muke yi, da takunkumi a fuska, kuma ina tsaye ina tunanin cewa mai haƙa a bakin rami ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ɗigon kason sama ya fito da girmansa kamar yadda muka zata. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na ragowar laka, domin ƙarami ne amma yana nan, ma'ana zinariya mafi laushi ta bi ruwa ta wuce teburin. Gobe za mu raba azurfar da ruwan asid mu auna, sannan ne zan rubuta lamba.

Da yamma mutumin da ya taimaka aka samo mana buhun ya kira ni, kuma bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce, ko sabuwar hanyar ta fi zaiba fitar da gwal. Na gaya masa cewa niƙa da ruwa, nesa da gida, abu ne da za su iya riƙewa tun yau, amma maganar narkawa su dakata tukuna. Ya yi shiru, ya ce zai faɗa wa mutanensa, sai dai na ji a muryarsa cewa amsar ba ta gamsar da shi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya sayi buhun dutse da bashi ba zai bar hanyar da ya sani ya kama wadda za ta zubar masa da zinariya a cikin laka ba, komai yawan wa'azin lafiya da za a yi masa.

Na rubuta a littafin aiki cewa mako mai zuwa za mu rage lokacin niƙa mu yi shi hawa biyu, mu sake bi da kason sama a kan teburin a hankali da ruwa kaɗan, sannan mu shimfiɗa kafet a magudanar ragowar laka mu ga abin da zai kama. Na kuma ƙara cewa dole mu yanke shawarar inda za a binne lakar kanta, tunda idan ta bushe a rana ƙura za ta koma. Kafin in fita na cire rigar aiki da takalma na bar su a can, na wanke hannu da fuska har sau biyu, domin ƙaramar 'yata ba ta jira in zauna kafin ta haye jikina.